Amsa ga ƙanena mai son binciken ciwon daji a Saudiyya

Ƙanena, saƙonka ya iso. Ka ce ka gama digirin farko a ilimin sinadaran jiki, kana son shigowa da bizar Umara ka nemi ɗakin binciken da ke nazarin abin da ke sa ciwon daji bijire wa magani.

Batun Umara ka ajiye shi gefe. Bizar ibada ce, ba ta karatu ba, kuma in wa'adinta ya wuce sai wasan ɓuya da jami'an jawazat, wato na shige da fice. Gurbin karatu daga gida ake nemansa ta intanet. Jami'ar KAUST da ke Thuwal, arewa da Jidda, wadda aka buɗe a 2009, digiri na biyu da na uku take yi, da Turanci, kuma tana ba ɗalibanta masauki da alawus. Asibitin Ƙwararru na Sarki Faisal da ke Riyad ma yana da cibiyar bincike.

Abin da na fi so ka gane shi ne aikin kansa, don na ga kana maganar warkar da mutane. Ba majinyaci za ka riƙa gani ba. Ƙwayoyin halittar ciwon dajin za ka rena a faranti, a zafin digiri 37, kana ƙara musu magani kaɗan-kaɗan na tsawon watanni. Yawancinsu za su mutu. Waɗanda suka tsira su ne abin nazarinka: me suka canza?

Dubi maganin imatinib. Da aka amince da shi a Amurka a 2001, ya taimaki masu wani nau'in sankarar jini ƙwarai. Sai ga wasu cutar ta dawo musu, domin ɗan sauyi guda a ƙwayoyin dajin mai suna T315I ya hana maganin kama wurin da yake kamawa. Sai 2012 aka samu maganin ponatinib da ke iya masa. Wasu ƙwayoyin kuma fitar da maganin suke yi waje, kamar mai kwarfe ruwa daga kwalekwale. Tun 1976 aka gano furotin ɗin da ke wannan aiki, P-glycoprotein.

Ƙwayoyin nan ba su san Juma'a ba, ba su san hutun Sallah ba. In naman gwari ya shiga faranti, aikin wata uku ya tafi.

Saboda haka kafin ka rubuta wa kowane farfesa, nemi ɗakin gwaje-gwaje a nan gida, ko a asibitin koyarwa ne, ka koyi PCR, wato dabarar ninka DNA, da hannunka. A wasiƙar ka faɗi abin da ka taɓa yi da kanka, ka kuma ambaci bincikensa ɗaya da ka karanta. Turo min ita in duba kafin ka aika.