Tambaya da Amsa: Wayar wa ta faɗi gaskiya a Dutsen Kufena?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ranar Asabar ni da abokina muka hau Dutsen Kufena, tare muka hau, tare muka sauko. Wayata ta ce mun yi kilomita 4.1, tasa ta ce 5.3. Har yau gardama muke yi. Wacce za mu yarda da ita? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ina kyautata zaton ba abu ɗaya wayoyinku suka auna ba.

Wata manhajar taku take ƙirgawa. Akwai 'yar na'ura a cikin waya da ke jin girgizar jiki, sai a ninka yawan takun da faɗin takin da aka ƙiyasta maka daga tsawonka. A kan kwalta hakan ba laifi. Amma wanda ya hau dutse ya san yadda taki ke gajarcewa, ana dafa gwiwa, ana laluben inda za a sa ƙafa, ita kuwa waya tana lissafi kamar a shimfiɗaɗɗen titi kake. Sai adadin ya kumbura. Ina jin abin da ya sami wayar abokinka ke nan.

Wata kuma GPS take bi. Taurarin ɗan'adam ne da ke can sama, nisan kilomita 20,000 da 'yan kai, kuma sai waya ta ji saƙon aƙalla huɗu kafin ta san inda kake. Tana ɗiga maka ɗigo bayan ɗigo, ta haɗa su da miƙaƙƙen layi, don haka a hanya mai kwana-kwana takan yanke maka lungu. A gindin ƙaton dutse saƙon kan ruɗe. In ka zauna hutawa kuma ɗigon ba ya zama wuri ɗaya. Na taɓa zama a inuwa na kwance takalmi ina shan ruwa, da na tashi na tarar an ƙara mini kusan mita 200, ko motsi ban yi ba.

Abin da na fi amincewa da shi ƙafata ce. Ka sami fili ka auna mita 100 da tef ɗin magina, ka taka shi sau uku da tafiyarka ta kullum, kana ƙirga duk saukar ƙafar hagu kaɗai. Ni 64 nake samu a kowane mita 100, naka zai bambanta. Ranar tafiya sai ka zuba tsakuwa goma a aljihun dama, duk ka cika adadinka ka mayar da ɗaya aljihun hagu. In dama ta ƙare, ka yi kilomita guda. A wurin hawa yawan takun zai ƙaru, don haka ka sake gwaji a kan gangare.

Sai dai a dutse lokaci ya fi damuna fiye da nisa, domin shi ke sa magariba ta riski mutum a sama. In ka hau mita 200 a cikin kilomita ɗaya, mita 20 kacal hawan ya ƙara wa tsawon hanyar, amma gwiwa ta san an yi aiki. Wani mahayin duwatsu ɗan Sikotlan, William Naismith, ya kawo ƙa'ida a 1892: awa ɗaya ga kowane kilomita 5, sannan a ƙara awa ɗaya ga kowane mita 600 na hawa, wato minti 10 ga mita 100. Bai sa hutu a ciki ba, kuma ba a zafin watan Afrilu na Zariya ya yi lissafinsa ba, don haka ni nakan ƙara a kai.

Asabar mai zuwa ku sa manhaja iri ɗaya mai GPS, ku kunna tare, ku dakatar da ita duk lokacin da kuka zauna. Ɗayanku ya riƙe tsakuwa. Ku rubuto mini abin da kuka samu.