Ƙullutu a fatar kai bayan cire ido: me rinin tsoka ke nunawa?

Tambaya: Shekara 3 ke nan da aka cire wa Baba idon hagu saboda sankara. Yanzu wani baƙin ƙullutu ya fito masa a fatar kai. Likita ya yanki kaɗan, ya ce za a kai Yawunde a rina. Wane irin rini ne wannan? Daga wata 'yar'uwa a Garwa.

Amsa: Malama, Allah ya ba Baba lafiya. Likita yana son ya gane ko sankarar idon ce ta bi jini ta ɓulla a fata, ko kuwa sabon ciwo ne daban.

Ana jiƙa tsokar a ruwan fomalin (maganin hana ruɓewa) mai ƙarfin kashi 10 cikin 100, ruwan ya ninka ta sau 10, na awa 6 zuwa 72. Sai a daskarar da ita cikin kaki, a yanka ta siririya, wajen maikiromita 4 (maikiromita 1,000 ne milimita ɗaya), a ɗora kan gilashi. Rinin farko shuɗi da ja ne, yana nuna fasalin ƙwayoyin. Sankarar da ta zo daga nesa takan zauna can ƙasan fata, ba ta taɓa saman ba. Wadda ta samo asali a fatar kuwa daga sama take farawa.

Rini na biyu shi ne mai nuna irin sankarar. Ana ɗiga sinadarai masu kama furotin iri ɗaya tak. In masu neman SOX10, HMB-45 da Melan-A suka kama, melanoma ce, wato sankarar ƙwayoyin da ke ba jiki launi. In p63 da saitokeratin ne, tana iya zama sankarar farin ido, wadda ta fi yawa a ƙasashenmu, ko kuma sabuwar sankarar fata. Akwai tarko: kalar rinin da aka saba ruwan ƙasa ce, launin baƙin ƙullutun ma haka yake fitowa a kan gilashi, shi ya sa gwanaye ke amfani da ja.

Inda aka fi yin ɓarna a hanya ne. In aka zuba tsoka a ruwan gishiri, ko ta kwana a mota cikin zafin Maris babu fomalin, ƙwayoyin sun ruɓe, rini ba zai kama ba.

Ki haɗa da takardar sakamakon idon da aka cire, don mai dubawa ya kwatanta. In ta tabbata melanomar cikin ido ce, a yi wa Baba hoton hanta, domin can ta fi zuwa kafin fata.