Karatun Nas: Farar Riga Ba Ita Ce Lasisi Ba

Tambaya: Anti, na gama sakandare, na ci komai ban da Fiziks. Tunda an ce nas sun yi ƙaranci, ba za a yi mini uzuri ba? — Wata ɗaliba, Ƙofar Marusa

Ba za a yi ba, ɗiyata. Kiredit biyar ake nema: Turanci, Lissafi, Bayoloji, Kemistiri da Fiziks, a zama ɗaya ko biyu na WAEC ko NECO. Ki sake zama jarrabawar, ki kuma yanki JAMB, don kwalejojin jinya suna komawa tsarin difloma, wato ND da HND. Wanda ya ce ki kawo kuɗi ya "gyara" miki sakamako, ki ba shi baya.

Tambaya: Wani mai asibitin kuɗi a nan garin ya ce zai koya wa 'yata aikin nas cikin wata 18, ya ba ta satifiket. Ina shirin kwasar adashina in biya. Marainiya ce, ina so ta samu abin riƙe kanta. — Wata uwa, Daura

Hajiya, Allah ya saka miki, ya raya ta. Amma don Allah ki riƙe adashin nan tukuna.

Abin da yake son sayar miki shi ake kira "ogzilari", wato mai taimaka wa nas, kuma Hukumar Ma'aikatan Jinya da Ungozoma ta Najeriya, NMCN, ba ta san da shi ba. Ita kaɗai ke ba da lasisin nas a ƙasar nan. Takardar da mai asibiti ya buga da kansa, komai kyan hatiminta, ba za ta kai yarinyar asibitin gwamnati na Daura ba, balle Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina. Za ta iya allura, ta iya ɗaura ruwa, ta kwana tana gadin marasa lafiya a kan albashin da bai kai kuɗin cefanen sati biyu ba. Ranar da aka samu tangarɗa, allura ta taɓa jijiyar yaro ƙafa ta shanye, shi likita zai zame, ita za a riƙe a kan ta yi aikin da ba ta da izininsa.

Abin da ke ci mini rai shi ne yadda ƙarancin nas ɗin ya zama jarin 'yan damfara. Ƙarancin gaskiya ne. Duk wanda ya taɓa jinya a asibitin karkara ya ga nas ɗaya tal da dare, tana ɗakin haihuwa ana ƙwala mata kira daga ɗakin yara. To da wannan ake tallata makarantun bogi: a kama gida mai ɗaki huɗu, a shafa masa fenti, a kafa allo, a ɗinka wa 'yan mata fararen riguna a ɗauki hotonsu a watsa a Facebook. Iyaye kuwa da sun ga farar riga shi ke nan, hankali ya kwanta. Mu da ke ƙwanƙwasa tukunya a kasuwa kafin mu biya, sai ga shi muna zuba dubban ɗaruruwa a makaranta ba tambaya ko ɗaya.

Ko makarantar da ke da amincewar hukuma akwai tarko. NMCN na ƙayyade wa kowace makaranta adadin ɗaliban da za ta ɗauka, sannan ta ba kowane ɗalibi lambar rajista, wadda ɗalibai ke kira indes. Makarantar da ta yi haɗama ta ɗiba fiye da kasonta, rarar ɗaliban za su biya kuɗi, su yi karatu, ranar jarrabawar hukuma a ce ba sunansu. Saboda haka ki sa wani mai waya ya buɗe shafin NMCN ya duba jerin makarantun da ta amince da su, ki kuma tambayi ɗaliban ajin gaba ko lambarsu ta fito. Masu tsallakawa ƙetare karatun nas ma su sani, sai hukumar ta tantance su sun ci jarrabawarta kafin su yi aiki a nan.

Ki fara da kwalejin jinya ta jiha a Katsina, ko makarantar ungozoma ta Malumfashi. In abin ya faskara, ga makarantar kiwon lafiya nan Daura a kusa da ke, akwai wata a Kankiya. Ma'aikatan lafiya na matakin farko suke yayewa, ba nas ba ne, amma aiki ne halattacce mai lasisinsa.

Tambaya: Jami'a ko kwaleji? Kuma abokai na mini dariya wai aikin mata ne. — Wani matashi, Jibiya

Digirin jinya shekara 5 ne, akwai shi a ABU Zariya, BUK da Jami'ar Ɗanfodiyo ta Sakkwato. Ya fi saurin kai mutum gaba, amma samun gurbi sai an dage. ND da HND shekara 4 ne. Ka duba makinka da aljihun mahaifinka. Abokanka kuwa, ranar da aka kwantar da su a ɗakin maza za su san ko aikin wane ne.

Tambaya: Wane kwas ne ya fi gajarta, in gama in wuce Ingila? Ni jini ma ba na son gani. — Wata budurwa, GRA

Ikon Allah. Ba ki son jini, me ya kai ki? Ki nemi wani karatun, ki bar gurbin ga mai so.

Ga masu tambayar da gaske: a 2024 magatakardan NMCN ya ce nas fiye da 42,000 sun bar ƙasar nan cikin shekara uku, kuma a shekarar ce hukumar ta fito da sharaɗin aikin shekara 2 kafin ta tantance takardun mai son fita, har nas suka yi zanga-zanga. Ingila sai an ci jarrabawar Turanci, IELTS ko OET, da ta hukumar jinyarsu kashi biyu. Saudiyya ma da tata jarrabawar. Duk ana biyan kuɗinsu ne kai tsaye, ba ta hannun wani ejan mai ofis a WhatsApp ba. Kada kuma ku ɗauka ƙarancin nas na nufin takardar ɗaukar aiki na jiran ku a ƙofar makaranta. Gwamnati sai ta buɗe gurbi take ɗauka, kuma inda aka fi buƙatarku ƙauye ne, ba cikin birnin Katsina ba.