Hukuncin aikin yi wa shaguna da filaza kima in banki ne ya turo

Tambaya: Assalamu alaikum, Allah gafarta Malam. Na ƙare karatun harkar gidaje da filaye, na samu wani ofis nan Sakkwato da za su ɗauke ni in koyi yi wa gine-ginen kasuwanci kima, irin su shaguna, filaza, sito da gidan mai. Amma oga ya ce mani yawancin aikin bankuna ke turo shi, in mutum zai ci bashi ya ba da gininshi jingina. Wani abokina ya ce aikin duk haram ne, wani kuma ya ce ba komi tunda ni awo kawai nake yi. Mi ne gaskiya?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗana, Allah shi yi maka albarka da ka tambaya tun ba ka fara cin albashin ba. Ita sana'ar kanta halas ce, fiƙihu cike yake da komawa ga masana kima wurin rabon gado da biyan ɓarna, don haka abokinka na farko ya yi gaggawa.

Abin da ya tsai da ni shi ne maganar oganka. Wa ya nemi rahoton, kuma don mi? Nan hukuncin ke canzawa.

Maganar abokinka na biyu akwai masu ilimi da ke faɗinta, cewa hadisin Jabir da ke cikin Muslim ya la'anci mai cin riba, wato kuɗin ruwa, da mai bayarwa da marubuci da shaidu biyu, shi ko mai kima ba ya cikinsu, gini ya auna ya tafi. Ni wannan bai gamsar da ni ba. Ka buɗe irin wannan rahoton ka gani, sunan bankin na shafin farko, an rubuta ƙarara cewa don jinginar bashi aka yi shi, kuma ban da kuɗin da ginin zai yi a kasuwa sai ka rubuta wani adadi na biyu, wato abin da zai yi in an sai da shi ala dole ranar da mai bashi ya kasa biya, kuma da waɗannan lambobin banki ke yanke nawa zai ba da. To marubucin da aka la'anta alƙalami kawai ya riƙe, kai ko takardarka ce bashin ke jira kafin a saki kuɗi, ta yaya za a ce kai ne ba ruwanka? In mai gini ya zo da kanshi yana son sanin darajar kayanshi, ka yi mashi, abin da ya yi da takardar daga baya tsakaninshi da Allah. Amma wanda aka gaya maka tun farko na bashin ruwa ne, ka bar shi.

Kada ka ajiye aikin gobe da safe cikin fushi. Ka sami oga cikin ladabi ka roƙi ya riƙa ba ka fayil na gado, haya, saye da sayarwa, da diyya in gwamnati ta karɓi fili, wanda a dokar filaye ta 1978 ginin da amfanin gona ake biya, ba ƙasar ba. Akwai kuma bankunan da ba su ta'ammali da ruwa, Jaiz tun 2012, TAJ tun 2019, su ma suna buƙatar kima. In ya ƙi, ka soma neman wani wuri.

Abin da na fi jiye maka tsoro ma ba banki ba ne, alhajin da zai kira ka gefe ya ce ɗan ƙara a kai, ko magajin da ke son ka rage don ya saye rabon ƙannenshi mata da araha. Malik ya kawo cikin Muwaɗɗa cewa Yahudun Haibar sun tara wa Abdullahi ɗan Rawaha kayan adon matansu don ya sassauta ƙiyasin dabino, ya ƙi, ya ce haram ce. Shi ya sa na fi son a yanke ladanka tun kafin ka je wurin, don in kaso ne na kimar, zuciya za ta riƙa ja sama.

Kada ka rubuta kima kan ginin da ba ka taka ba, ka shiga ka ga tsagar bango, ka tambayi 'yan haya nawa suke biya da gaske. Kuma kafin hukumar ESVARBON, mai yi wa masu kimar gidaje da filaye rajista a Najeriya, ta yi maka rajista kada ka sa hannu a matsayin ƙwararre ko ka ari hatimin wani, algus ne.

Wallahu a'alam.