Kebul Ɗina Bai Kai Ba, Ko Zan Iya Yi Masa Ƙari?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na ja kebul ɗin intanet mai mita 30 daga rauta zuwa kwamfuta, sai ya gaza da kamar mita 15. Ina da wani a ajiye mai mita 20. An ce in fere bakinsu, in murɗe wayoyin, in naɗe da salatif. Hakan zai yi?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, ƙarin zai yiwu, amma don Allah kada ka bi ta murɗawa. A cikin kebul ɗin akwai siraran wayoyi 8 da aka tufka bibbiyu, tufka 4 ke nan. Tufkar ce ke hana saƙon wata waya kutsawa cikin na 'yar'uwarta, ita ce kuma ke kare shi daga hayaniyar lantarkin da ke kusa. Shi ya sa ƙa'idar Cat5e, wato ɗaya daga cikin azuzuwan kebul ɗin intanet, ta ce kada a warware fiye da milimita 13 a wurin haɗi, shi kuwa mai murɗawa da hannu sai ya wuce haka nesa ba kusa ba. Fitilar rauta za ta iya kamawa ka ɗauka an gama, alhali saƙo na ta ɓacewa ana sake aiko shi, intanet na yankewa yana dawowa.

Abin da kake buƙata shi ne ɗan mahaɗin da ake kira kofla, mai ramin RJ45, wato ramin da kan kebul ɗin intanet ke shiga, gaba da baya. Ka soka kan kowane kebul har ka ji ya yi ƙas. Ajin koflar ya dace da na kebul: idan Cat6 ne, ita ma Cat6, domin mafi rauni a layin shi ke yanke wa duka hukunci. Idan kebul ɗin mai rufin ƙarfe ne, sai kofla mai rufin ƙarfe. Wurin da ruwa ke taɓawa kuma sai mai hatimin roba, in ba haka ba tsatsa za ta ci fil ɗin, wato ƙananan ƙarafan da ke cikin mahaɗin.

In bakin kebul ba shi da kai, ka matse masa sabo da tsarin jera wayoyi na T568B: fari da ruwan lemo, ruwan lemo, fari da kore, shuɗi, fari da shuɗi, kore, fari da ruwan ƙasa, ruwan ƙasa. Dukkan bakunan huɗu su zama iri ɗaya. Daga nan ka sa na'urar gwaji, fitilu 1 zuwa 8 su kama bi da bi. Wannan gwajin ba na tsallakewa ba ne: gudun megabit 100 yana aiki da fil na 1, 2, 3 da 6 kawai, gigabit kuwa, wato megabit 1000, sai dukkan takwas ɗin. Waya guda ta tsinke a cikin sauran, layin zai sauka zuwa 100 shiru ba tare da ya sanar da kai ba.

Naka ya tashi mita 50, babu damuwa. Iyakar layin gaba ɗaya mita 100 ce, kuma kofla ba ta ƙara wa saƙo ƙarfi, ragewa ma take yi kaɗan, don haka guda ɗaya ta isa. Wanda zai zarce 100 sai ya sa suwic, wato ɗan akwati mai ramukan soka kebul, a tsakiya, shi ne ke sabunta saƙon ya ba shi wasu mita 100. Idan kuma kyamara ce da ke shan wuta ta cikin kebul ɗin, gara a ja sabo ɗaya na jan ƙarfe zalla, saboda haɗin da bai kama sosai ba yana ɗaukar zafi, kyamarar ta riƙa mutuwa tana tashi.