Me ya sa mai tafiya Makka ke bin gida-gida neman gafara?

Amaryata, saƙonki ya iso, ƙaninki ya karanta mini bayan magariba. Kin ce kin ga babanki yana bin gidajen unguwa yana neman gafara, ya biya har bashin da mai shi ya manta, ya zaunar da ku ya yi wasiyya sai ka ce mai jinya, alhali jirgi daga Anjamena zuwa Jidda awoyi kaɗan ne. Kina tambaya ko abin bai yi yawa ba. To gyara zama, tunda kin taɓo inda ke mini ƙaiƙayi.

Wannan al'ada ta hanyar ƙasa ce. A da in an ce wane ya tafi gabas, ba a sa masa ranar dawowa. Wani shekara uku, wani bakwai, wani kuwa sai labari. Shi ya sa namiji ke bai wa matarsa zaɓi tun a gida, ko ta bi shi ko ya sawwaƙe mata, domin a Malikiyya matar wanda ya ɓace sai ta kai ƙara gun alƙali ta jira shekara huɗu, sannan ta yi idda. Mai tsoron Allah ba ya barin 'yar mutane cikin wannan halin.

Ni ina yaro muka bi hanyar, kafin Chadi ta samu 'yancin kai a 1960, lokacin garin nan na Anjamena ana ce masa Fort Lamy (sai a 1973 aka sauya masa suna). Akwai motocin lori a lokacin, amma na masu kuɗi ne. Mu jaki biyu gare mu. Ayarin da muka shiga ya taso ne daga Kano ta Yerwa da Dikwa, ya haye kogi a Kuseri, muka haɗu muka nufi Ati, Umm Hajar, Abeshe, Adare, sai Junaina a ƙasar Darfur.

Tun kafin assalatu madugu ke ta da mutane. A ɗaure mangala, a duba bakin salka, a yi asuba, a kama hanya da sanyi. Rana na take tsaka a sauka gindin bishiya, a dama garin gero da ruwa, mai dakuwa ko ƙuli-ƙuli ya fito da shi, a haɗa azahar da la'asar ƙasaru. In ruwa ya yi ƙaranci taimama ake yi, ba wanda ke taɓa salka don alwala. Da yamma a ƙara tafiya kaɗan zuwa zango. Tuwo sau ɗaya ne, da dare, miyar kuka ko busasshiyar kuɓewa, daddawar kuwa mahaifiyata ƙirga ta take yi kamar kuɗi. Bayan isha mu yara a hura wuta mu ɗauko allo, maza na karɓa-karɓar gadi saboda kura da ɓarayin jakuna.

Abin da ba na mantawa ƙarangiya ce. Ta kama zani, ta kama tafin ƙafa, kowace dare mahaifiyata ta ɗora ƙafata a cinyarta tana tsince min da allura a hasken wuta, ina kuka tana ce min alhaji ba ya kuka. A kogin Batha kuwa da rani ba ruwa a sama, sai a tona yashi da ƙoƙo, a zauna a jira ya tsattsafo. Can wajen Nuhud na ga abin mamaki, kukoki manya an rarake cikinsu an tara ruwan damina, masu su na sayarwa. Inda babu, kankana ce ruwan mutum da na jakinsa.

Amma kada ki ɗauka kullum tafiya ake. Zaman ya fi tafiyar yawa. Guzuri ba ya kai kowa Makka, sana'a ce ke kai mutum. In kuɗi ya ƙare ko damina ta faɗi, sai a yada zango wata da watanni, a karɓi aron gona. Mahaifina wanzami ne, zabirarsa ce ta ciyar da mu. Mahaifiyata na tuyar ƙosai da kitso. Wasu ɗinkin hula, wasu ga-ruwa, malamai na rubutun sha. Mun yi kaka biyu muna tsintar auduga a Jazira ta Sudan, gonakin da aka buɗe a 1925, kafin kuɗin jirgin ruwa daga Sawakin ya haɗu. A hanya ake aure, a haihu, a raɗa suna. Da yawa nan suka tsaya ɗungurungum, su ne asalin Hausawa masu yawa a Abeshe da Sudan, inda ake ce mana Takari. Garin Mai Wurno ma ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ne ya kafa shi da waɗanda suka tsira daga yaƙin Burmi na 1903.

Kuma a hanya ake mutuwa. Ƙanwata Allah ya karɓe ta tsakanin Junaina da Fashir, zazzaɓin kwana uku. Kowa na tafe da likkafaninsa a ƙasan kaya, na mahaifiyata aka yaga mata. Aka yi mata salla, aka jera ƙaya a kan kabarin saboda kura, da asuba madugu ya ce a ɗaure kaya. Har yau ba zan iya nuna miki wurin ba.

Na ji samari na cewa yanzu ga waya a aljihu, ana iya neman gafara daga Mina. Ni ban yarda ba. Haƙƙin mutum ba ya faɗuwa da ɗawafi, kuma wanda ka ɓata wa ya fi son ya ga takalminka a ƙofar zaurensa. Ki bar babanki ya gama zagayensa. Ki kuma tuna masa bai zo nan ba tukuna, akwai maganar kuɗin ragon bara tsakaninmu.