Amsa: Wane ƙarin ilimi ya fi amfani ga mai saka wa mutane na'urar ƙara ji?

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Kin ce aikinki gwada ji ne da saka wa mutane na'urar ƙara ji, lokacin sabunta lasisinki ya matso, kuma kwasa-kwasan da ake tallatawa sun yi miki yawa, kin rasa wanda ya cancanci kuɗinki da lokacinki.

Fara da tambayar hukumar da ta yi miki rajista abin da take karɓa, domin tsarin ba ɗaya ba ne. A Amurka kowace jiha da dokarta, kuma yawancinsu awoyi suke ƙirgawa. A Birtaniya hukumar ma'aikatan lafiya ta HCPC ce ke riƙe da rajistar masu wannan sana'a tun 2010, ita kuwa ba ta ƙirga awa: ana sabunta rajista duk shekara 2, sai ta tsamo kashi 2.5 cikin 100 ta ce su kawo shaidar abin da suka koya da yadda ya amfani mutanen da suke dubawa. Idan a Najeriya kike, hukumar rajista ta MRTB ce ke kula da masana ji, sai ki tuntuɓe ta kafin ki biya kuɗin kowane kwas.

Bitar kamfanoni ita ta fi yawa, kuma sau da yawa kyauta ce. Ba laifi, a nan ake koyon manhajar saiti. Amma manufarta ki san kayansu ne, ba lallai ki ƙware a kunnen mutum ba. Kada ta cinye miki duk awoyinki. Abin da ya fi gyara aiki shi ne darasin da zai sa ki auna da hannunki, ki kuma san lokacin da za ki ajiye na'ura ki tura mutum wurin likita.

Na farko a wajena shi ne awon cikin kunne, wanda ake taƙaitawa REM. Saitin farko da manhaja ke bayarwa lissafi ne a kan matsakaicin kunne, alhali ramin kunnen kowa da girmansa. Ƙaramin rami yana ƙara ƙarfin sauti, babba yana rage shi. Saka na'ura ba tare da wannan awo ba kamar tela ne ya yanka yadi da ganin ido. Inda saitin farko ya fi gazawa shi ne 2000 zuwa 4000 Hz (Hz shi ne ma'aunin kauri ko sirantakar sauti), wurin da sautuka irin su s, sh da ts suke, shi ya sa mutum zai dawo yana cewa yana jin murya amma ba ya gane magana.

Kwas mai kyau zai sa ki yi matakan da kanki. Ki duba kunne da fitila tukuna. Ki daidaita siririn bututun awo ta hanyar ɗora bakinsa kusa da makirfon ɗin da ke rataye a kunne. Ki zaunar da mutum rabin mita zuwa mita 1 daga lasifika, yana fuskantarta. Bakin bututun ya kai kusan milimita 5 daga dodon kunne, wato kimanin milimita 28 ga mace, 30 ga namiji, idan aka auna daga ɗan lungun da ke ƙasan ƙofar kunne. Ki fara auna kunnen ba na'ura: a lafiyayyen kunnen babba za ki ga layin awon ya yi tudu na kusan 17 dB (ma'aunin ƙarfin sauti) wajen 2700 Hz. Idan layin ya nutse ƙasa wajen 6000 Hz, bututun bai shiga sosai ba. Daga nan ki saka na'urar ba tare da bututun ya motsa ba, ki kunna sautin magana a 65 dB, sannan 50 ko 55, sannan 75 ko 80, ki riƙa gyara saiti har layin ya zo cikin 5 dB na abin da ake nema. Ki ƙare da gwada iyakar ƙarfin na'urar a 85 ko 90 dB, don kada faɗuwar kwano ta sa mutum ya cire ta ya jefa a durowa.

Abubuwa uku ne ke yawan ɓata awon: datti ya toshe bakin bututu har layin ya faɗi gaba ɗaya, matoshin na'urar ya matse bututun, ko kuma a na'urar da ba ta toshe kunne a manta a kashe makirfon ɗin awo da ke rataye a kunne, sautin da ke zubowa daga kunne ya yaudare shi ya rage ƙarar lasifika.

A wannan darasi za ki haɗu da ma'aunai biyu da ke lissafa ƙarfin sautin da ake nema, NAL-NL2 na Ostareliya da DSL v5 na Kanada, wanda aka fi amfani da shi ga yara. NAL-NL2 yana da zaɓi na harsuna masu karin sauti, inda yake ɗan ƙara ƙarfi a sautuka masu kauri. Hausa na cikin irin waɗannan harsuna, don haka ya kamata a san wurin zaɓin a manhaja. Ga jarirai da ƙananan yara da ba sa zama wuri ɗaya, ki nemi horo a kan RECD, wato auna bambancin kunnen yaro da ma'aunin akwatin gwaji, sai a ƙarasa saitin a akwati.

Na biyu, maskin, wato sa wa kunne mai kyau ƙara yayin gwada ɗayan. Mutane da yawa sun koye shi don jarrabawa ne kawai. Sauti mai ƙarfi yana ratsa ƙashin kai ya isa ɗaya kunnen. Da belun da ke zama a kan kunne, ki ɗauka zai iya tsallakawa da zarar tazarar ta kai 40 dB. Da mai shiga cikin kunne tazarar ta fi haka, wajen 55. Gwajin ƙashi kuwa, inda ake tura sauti ta ƙashin kai, kusan ba shi da tazara ko kaɗan. Idan ba a yi maskin ba, kunnen da ya mutu gaba ɗaya zai fito a takarda kamar mai matsakaicin rauni, a sayar wa mutum na'ura mai tsada ga kunnen da ba zai taɓa ji ba, alhali CROS yake buƙata, mai ɗauko sauti daga wannan ɓangare ta kai wa kunne mai kyau. Ki nemi kwas da zai sa ki maimaita ƙara ƙarar da 10 dB har matakin ji ya tsaya cak sau uku a jere. A tsofaffi kuma belun na iya danne ramin kunne ya rufe, ya nuna ƙaryar toshewa a sautuka sirara. Mai shiga ciki na magance wannan.

Na uku, alamomin da ke sa a tura mutum wurin likitan kunne. Ruwa ko mugunya daga kunne, ciwo, jiri, ƙugi ko raguwar ji a kunne ɗaya, tazarar 15 dB ko fiye tsakanin gwajin iska (na belu) da na ƙashi a 500, 1000 da 2000 Hz, ko wani abu da ya maƙale a ciki. Mafi gaggawa shi ne jin da ya ɗauke kwatsam, 30 dB a sautuka uku masu bin juna cikin awa 72. Wannan ba na "dawo wata mai zuwa" ba ne, domin maganinsa ya fi aiki cikin mako 2 na farko. Yaron da ya tashi daga sanƙarau shi ma a gwada jinsa da wuri, saboda dodon koɗin cikin kunne na iya cikewa da ƙashi, dashen na'ura ya yi wuya daga baya. A tarihin mara lafiya ki riƙa tambayar allurar jentamaisin, sitireptomaisin da kinin, domin suna iya lalata ji. Masu aiki a arewacin Najeriya sun san Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna na cikin wuraren da ake tura irin waɗannan.

Ɗaukar siffar kunne don yin matoshi shi ne wurin da hannu zai iya ji wa mutum ciwo, don haka ba a koyonsa ta bidiyo. Ana tura audugar tsaro ta ɗan wuce lanƙwasa ta biyu, a sake dubawa da fitila a tabbatar ba kafa a gefenta. Idan akwai kafa, silikon zai bi ya kai dodon kunne, in kuma da huda ya shiga kunnen tsakiya, sai tiyata. Kunnen da aka taɓa yi wa aiki yana iya samun rami mai faɗi a ciki, siffar ta bushe ta ƙi fita. Wannan a bar wa likita. Wajen cirewa a ja kunne a hankali iska ta shiga tukuna. A nan ne kuma ake koyon hudar iska: idan jin mutum a 250 da 500 Hz bai lalace sosai ba kuma aka toshe kunnen, zai ji muryarsa na amo a kansa. A faɗaɗa hudar zuwa milimita 2 ko 3 amon ya ragu, amma na'urar na iya fara fito.

Gyara da kula ba ya buƙatar dogon kwas, yini ɗaya ya isa. Mafi yawan "ta mutu" datti ne a matatar bakin lasifikar, ko ƙura a makirfon, ko robar matoshi ta ƙandare, wadda ake canzawa duk wata 4 zuwa 6. Batir kala huɗu ne: 10 rawaya, 312 ruwan ƙasa, 13 ruwan lemo, 675 shuɗi. Da iska yake aiki, sai a ɓare takardar a jira kamar minti 1, kuma da zarar an ɓare ya fara ƙarewa ko ba a saka shi ba. Bushewar hunturu na rage masa kwana, zufa da laimar damina kuma na cin na'urar, shi ya sa kwalbar busarwa ba ado ba ce. Mai caji tana da daɗi, amma ki tambayi halin wutar gidan mutum kafin ki zaɓa masa. Odiyomita, wato na'urar gwada ji, kuma a kai ta daidaitawa duk shekara, a saurare ta kowace safiya.

Akwai abin da ya kamata a sani ko da ba a Amurka ake ba. Tun watan Oktoba na 2022 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta yarda a sayar wa 'yan shekara 18 zuwa sama masu ƙaramin rauni ko matsakaici na'ura ba tare da gwaji ba. Irinsu na yawo a intanet, mutane za su kawo miki su. Ki san ba na yara ba ne, ba kuma na rauni mai tsanani ba.

Darasin nasiha ma kada ki raina shi. Da takardar COSI mutum ke faɗin wurare har biyar da yake son ya ji, misali huɗuba, waya ko hirar tsakar gida, sai a koma kansu ɗaya bayan ɗaya a ziyarar bibiya.

Kafin ki biya, ki tambayi masu kwas ɗin: mutum nawa ne a kan na'urar awo ɗaya, wa ya ɗauki nauyinsa, akwai gwaji a ƙarshe, kuma hukumarki za ta karɓi satifiket ɗin? Idan awoyinki kaɗan ne bana, ki ba REM da maskin rabinsu, ki raba sauran tsakanin alamomin tura wa likita da ɗaukar siffa, ki ajiye kwafin kowace takarda da ranarta. Allah ya ba da sa'a.